Me Ya Sa Kare Ke Manta Mai Shi?

Makon jiya da na shiga gidan rediyonmu na nan Dutsi, na tarar da ku ukun nan kuna shan shayi a bakin ƙofa, kuma da kunnena na ji abin da ɗayanku ya ce da aka damƙa muku shirin yara: wai an ba ku hutu. Wai ai tambayar yaro ce, ka latsa salula amsa ta fito, ka karanta da 'yar murya mai daɗi, ka sa waƙa, an tashi. Na nemi wuri na zauna. Sannan na ba ku tambaya guda, wadda wata yarinya ta yi mini a kasuwar Sukukutane shekarun baya: me ya sa kare ke manta mai shi? Kafin shayina ya huce kun kawo amsa kuna washe baki. Kare ba ya mantuwa, hancinsa ya fi na mutum nesa ba kusa ba, ko ya shekara bai ga ubangidansa ba zai gane shi. Duk gaskiya ne. Kuma da wannan amsar na ba yarinyar a ranar, da an binne ta kafin a girbe gero. Kun ce in rubuta muku abin da na sani game da aikin. To ga shi, in kuna da haƙurin karanta abin da ya wuce tsawon yatsa.

Aikina na farko a wannan sana'ar ɗaukar jaka ne. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Gesheme, ina ganin duk ƙasar Arewa ba wanda ya kai ni iya bayani. Wanda ya ƙirƙiro shirin wani tsohon malami ne, Mushe Gado (Mushe kuwa Malam ke nan a bakin 'yan lakwal), gajere mai sanƙo, wanda faɗansa ya fi shi tsawo. Shi ya ce in riƙa raka shi ƙauyuka ranakun da ba aji. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina rungume da rakoda a bayan motonsa, wato babur ɗinsa, bai bari na ce uffan a mikro ba. Da na dame shi sai ya ba ni tambayar wani yaro: me ya sa ruwan randa ke da sanyi alhali ba ƙanƙara a ciki? Na je na cika takarda fal, na barbaɗa mata manyan kalmomin Faransanci. Ko kallonta bai yi ba. Ya tara yaran unguwa a inuwar tsamiya ya ce in karanta musu. Kafin in kai rabi ɗaya ya bi ƙadangare, ɗaya ya zauna yana cire ƙaya a ƙafarsa.

"Ka ga wancan mai hidda ƙaya?" in ji Mushe Gado. "Shi ne suhwetonka, kuma ya ce ka hwaɗi."

Sai ya tsuguna ya ce kowa ya lashi bayan hannunsa ya hura. Suka lasa, suka hura, suka ce sanyi. Ya ce to randa ma haka take, gumi take yi ta jikinta, iska tana shanye gumin tana tafiya da zafin, shi ya sa iyayenku mata ke ajiye ta inda iska ke wucewa. Yara suka watse a guje, kowa zai je ya shafa randar gidansu. Ni kuwa na naɗe takardata na sa a aljihu, daga baya aka ƙulle gyaɗa da ita.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Akwai rakoda mai kaset, wadda in pil ɗinta, wato batir, ya yi sanyi sai mu shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo. Akwai mikro da muka sa wa safar jariri saboda iska, da mayen ƙarfe da na ciro daga wata matacciyar rediyo, da lemo da tocila na nuna yadda wata ke raguwa yana ƙaruwa. Amma a rediyo ba mai ganin hannunka, don haka kayan aikin gaske suna tsakar gidan yaron. Dole amsarka ta zama abin da zai gwada da ludayi ko ƙwarya ko miyaunsa, ba tare da ya fasa wa uwarsa tukunya ba. An taɓa kawo mana wani ɗan istaj mai koyon aiki daga birni, mai takalmi mai tsini irin na ɗayanku, ya naɗi shiri yana koya wa yara tara hasken rana da gilashin tabarau su ƙona takarda. A tsakiyar rani, lokacin da kowane gida ke jibge da kara da ciyawa! Na goge kaset ɗin a gabansa, ya yi fushi bai ci abincin rana ba.

Masu kawo mana tambaya ma ba yaran kaɗai ba ne, akwai manya laɓe a bayansu. Wani yaro a Tibiri ya tambaye ni abin da ke cikin guguwa. Kakarsa ta ce masa doguwa ce, wato aljana, ke wucewa. Yayansa kuwa, ɗaya daga cikin samarin nan 'yan kasuwa masu wa'azi, ya ce maganar kaka shirka ce. Duk su biyun suna tsaye suna jiran in buɗe baki. In na ce ba doguwa, na aika yaro gida ya ƙaryata kakarsa. In na ce akwai, gobe samari na ƙofar gidan rediyo. Na sa aka kawo kwano da ruwa na ce yaron ya juya da yatsa, ya ga rami ya buɗe a tsakiya. Na ce ƙasa ce ke zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama da sauri, ta gefe ta rugo ta cike gurbin, su kama juyi kamar ruwan nan. Ya ce to wa ke ciki? Na ce ban taɓa leƙawa ba, abin da ke juya ta dai na gaya masa. Kaka ta tafi tana cewa na san ladabi, yaya ya tafi yana cewa na faɗi gaskiya, yaro kuma ya jiƙa rigarsa sharkaf da ruwan kwano.

Dokokin Mushe Gado biyu ne, kuma da ƙarfinsa ya ƙare na gaji shirin, da su na gada. Ta farko, tambayar yaro amana ce: in ya ce kada a sa muryarsa ba a sawa, in ya ce kada a gaya wa kowa ba a gayawa. Da wannan muka sami yaran, har suka laƙaba mini suna Baba Mi-ya-sa, suna gaya mini abin da ba sa gaya wa iyayensu. Ta biyu, ruwa ba ya tsami banza: kada ka amsa tambaya sai ka san daga inda ta fito. Shekara da shekaru dokokin nan biyu ba su taɓa karo da juna ba sai a kan yarinyar Sukukutane.

Farkon damina ne, an yi shuka, ranar kasuwa. Na kafa rakoda kusa da masu nono, yara sun yi mini zobe, wannan na son sanin inda kwaɗi ke zuwa da rani, wancan na tambayar dalilin da kashin akuya ke fita dunƙule-dunƙule. Na lura da wata 'yar Fulani da ba ta wuce shekara goma ba, tsaye a gefe, ta kare hannun hagu da bakin zanenta. Sai da kowa ya watse ta matso. Sunanta Dije, rugarsu na gabas da garin. Ta tambaya ko babanta zai ji muryarta a rediyo. Na kashe rakoda a gabanta. Ta ce in yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba, na yi, kamar yadda na saba yi wa kowane yaro. Sannan ta yi tambayar da na yi muku.

Ku da kun riga kun fara zuba. Ni na tambaye ta launin karen. Ba a ce wa yaro me ya faru, sai ya rufe baki. Ana zagayawa ne ta abin da yake so. Ta ce baƙi ne, sunansa Duna, ita ta rene shi tun idonsa bai buɗe ba, da ludayinta yake shan nono. Na ce yana cin abinci kuwa? Ta ce ya daina, itace yake tauna da tsakuwa, yana kai cizo ga ƙudan da babu su, muryarsa ta canza, miyau na zuba. Ta san in babanta ya gan shi zai kashe shi, don haka ta lallaɓa ta ɗaure shi a wani kwazazzabo bayan ruga, cikin sabara, tana kai masa ruwa a ɓoye. Shekaran jiya da ta miƙa masa ƙwarya sai ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Na ce ta nuna mini hannun. Haƙoran sun shiga tsakanin babban yatsa da manuniya, ta cike wurin da toka.

Na sayi sabulu a nan take, na karɓi ruwa wurin mai garuwa, na wanke ciwon na yi ta wankewa har mata masu nono suka fara tambaya ko fata zan cire mata. Ba ta yi kuka ba. Sai da na ce ta kai ni wurin babanta ta fizge hannunta.

"Ka yi alkawali."

"Na yi."

"To ba ka hwaɗa ma Baffa."

"Zan gaya masa, Dije. Yanzun nan."

Ta ruga, amma ba wuya a sami uban yarinya a kasuwar da kowa ya san kowa. Na same shi a kara, wurin shanu. Sambo sunansa, dogo, sanda a kafaɗa. Na ja shi gefe, ban gama lissafa masa alamun ba fuskarsa ta sauya, don makiyayi ba ya bukatar malamin lakwal ya gaya masa mene ne haukan kare, ya taɓa ganinsa a jikin maraƙi. Ya ce suna da mai magani a danginsu, kuma a makon nan za su tashi da shanu su yi arewa tun da an shuka gonaki. Ban ce masa maganinsu banza ne ba. Na ce a yi duka biyun, amma allura tukuna, don ita ke da lokaci, in ciwon ya riga ta kaiwa kai ba mai iya komai. Ya aika aka nemo yarinyar, ya dubi hannun, ya tambaye ta inda karen yake. Ta ƙi magana. Ya sake tambaya cikin harshensu, ta sunkuyar da kai. Sai ya juyo ya dube ni.

Akwai ƙannenta a rugar, akwai yaran da ke kiwon awaki ta wajen kwazazzabon, igiyar kuma ta kaba ce da yarinya ta ƙulla. Na gaya masa wurin. Ba na neman gafarar kowa a kan wannan, yau ma in aka sake, haka zan yi. Ƙannensa biyu suka tafi da sanduna, kafin la'asar an binne Duna a rami mai zurfi.

Mu uku muka hau motona, ni da Sambo, ita a tsakiya. Da sai in ce kun san hanyar, amma ku ba ku san ta ba, ba ku taɓa wuce inda kwalta ta ƙare ba. Yashi ne, inda ruwa ya sauka kuma taɓo, muna tafiya muna sauka muna turawa. Majo, malamin jinya na ɗakin shan magani, ya sake wanke ciwon, ya ce allurar sai Dutsi, muka wuce. A asibiti aka yi mata ta farko, aka ce akwai saura, ana ba da tazara tsakaninsu. Shanu ba sa jiran allura, don haka Sambo ya bar ta a gidana hannun matata, ya bi garkensa. Makonni ta yi da mu. Tana cin tuwo, tana wasa da 'ya'yana, tana taya matata daka. Ni kuwa in na yi sallama sai ta tashi ta koma bayan ɗaki.

Saura aikin da ake biyana dominsa: amsa tambayar a rediyo. Wannan ne wurin da ake gane mai sana'a. In ka tsoratar, duk yaron da kare ya ciza zai ƙara ɓoyewa. In ka mai da shi wasa zalla, ba wanda zai motsa. Ban faɗi suna ba, ban faɗi gari ba. Na ce wata ɗiya ta tambaya ko kare na manta mai shi, na ce a'a, kare ba ya mantuwa. Amma akwai wata ƙwaya wadda ƙwan kwarkwata ma ƙato ne a kanta, in ta shiga jikin kare sai ta kama hanya sannu-sannu har ta kai kai, ta shige ta ja ƙyaure, duk wanda ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ko da mai shi ne. Ba laifin karen ba ne, ba kuma laifin wanda ya ciza ba. Ƙwayar tana cikin miyau tana neman sabon gida. Tafiyar hawainiya take yi, allura kuwa doki ce, amma sai an ɗaura sirdi da wuri. Na sa yara biyu a ɗakin shiri, ɗaya na taku irin na hawainiya, ɗaya na sukuwa da tafin hannu a kan tebur, muka yi tseren sau biyu: sau ɗaya doki ya fita da wuri, sau ɗaya mai dokin ya tsaya jin tsoron faɗan babansa. Na rufe da cewa a wanke da sabulu har a gaji a ƙara, sannan a gaya wa babba, don faɗa ba ya kisa. A makon da ya biyo baya an kawo wasu yara asibiti daga ɓangaren nan, ciki har da wanda Duna ya yakusa tun kafin a ɗaure shi.

Dije ta ji shirin, tana zaune kusa da matata lokacin da aka sa shi. Ranar da ƙanin babanta ya zo ɗaukarta, bayan allurar ƙarshe, ta ɗaura 'yan kayanta a ka, ta tsaya a bakin zaure. Shi ne karo na farko da ta dube ni tun ranar kasuwa.

"Ka ce Duna bai mance ni ba, ciwo ne ya ruhe mai kai."

"Haka ne."

"To kai hwa, Baba Mi-ya-sa, wane ciwo ya kama ka?"

Ta juya ta bi ƙanin baban nata suka tafi.

Daga nan muguwar shekara ta soma. Ban san yadda labari ke tafiya tsakanin yara ba, amma ya fi motona sauri. Daga ruga zuwa ruga, daga rijiya zuwa lakwal, aka ce Baba Mi-ya-sa na kai ƙara wurin iyaye, ya sa an kashe karen wata. Ba wanda ya ce ya sa an yi wa wata allura, yara ba sa lissafi ta nan. In kafa rakoda a kasuwa, su tsaya daga nesa suna kallona, in na yafito su su watse. Wanda ya daure ya matso sai ya tambayi abin da ya riga ya sani, ƙafar gizo-gizo nawa, don kawai a ji muryarsa. Na sha ƙona mai zuwa Sukukutane in dawo da kaset fari fat. Daraktan wancan lokaci ya ce ko dai in ƙirƙiri tambayoyi in ba 'ya'yana su karanta, ko ya cike lokacin da gaishe-gaishe. Na ce ya sa gaishe-gaishen. Yaro na gane tambayar da babba ya ƙirƙira kamar yadda yake gane magani a cikin fura. Shirin ya koma sau ɗaya a wata, ina maimaita tsofaffin kaset, abokan aiki na yi mini tsiya wai 'yan kasuwata sun yi yaji. Na ji haushi ƙwarai, har na yi niyyar komawa alli da allo in huta.

Ban koma ba. Na ci gaba da zuwa, ina zama a wurin da na saba, ina wasa da mayen ƙarfena ni kaɗai kamar mahaukaci. Sai da wata damina ta zagayo sannan wani ɗan ƙarami a Tibiri, wanda bai kai sanin labarin ba, ya zo ya tsuguna ya ce me ya sa ƙusa ke bin baƙin dutsen nan amma tsinke ba ya bi. Daga kansa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Na gabas da Sukukutane dai har na ajiye aiki ba su dawo kamar da ba.

Yanzu an ce tambayoyin ta saƙon murya za su riƙa zuwa muku, kuna zaune ƙarƙashin fanka. Madalla. Murya za ta zo, hannun da aka kare da bakin zane ba zai zo ba. In kuna son aikin, ku nemi moto, ku koyi tsuguno, ku kuma san cewa wata rana yaro zai ba ku amana wadda riƙe ta zai kashe shi, kuma ba zai gode muku ba in kun sake ta.

Dije na nan da ranta. Ta yi aure wajen Gesheme, na ga 'ya'ya uku a bayanta, babbar ta kai shekarun da uwar take da su a lokacin. Tana kawo nono kasuwa, kowa na yabon nononta don ba ta sa masa ruwa. Duk sanda na je nakan tsaya gaban ƙwaryarta in yi sallama. Takan amsa, don 'yar mutunci ce. Sannan ta ja faifai ta rufe ƙwaryar, cike take har baki, ta ce mini nono ya ƙare.